Haƙoran Baba Kafin Ista

Litinin, 6 ga Maris, 7:30 na yamma

Dokta Rehberg ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta abin da Baba ya ci, da awa nawa ya yi barci, da ranar da hannunsa ya yi rawa. Na ɗauko wannan a gonar da nake tatsa, irin wanda muke rubuta ranar haihuwar shanu a ciki. Rubutu ba sana'ata ba ce, a aji tara na tsaya. Amma zan yi.

Ya ci dankali da kifi. Barci awa shida. Hannu bai yi rawa ba.

Ƙarin ya dawo, daidai inda aka yanke shi bara, a gefen hagu na ƙwaƙwalwa. Ta nuna mana hoton, ya kai ƙwan tattabara. Ba za su sake yanka ba.

Jamusancin makaranta yana zubewa daga kan Baba. In an yi masa sauri ba ya kamawa. Yarenmu na gida kuwa, Platt, yana nan, sai kalma ɗaya ko biyu da kan ɓuya masa. Don haka a asibiti ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Likita ta faɗa in juya masa, ya faɗa in juya mata.

Alhamis, 9 ga Maris, 8:00 na yamma

Awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi dawowa.

Dokta ta fito da wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa, kamar tsohon man tarakta. Ta kanga mayen ƙarfe a gefenta, sai ruwan ya taso ya bi shi yana hawa bangon kwalbar. Ta ce garin ƙarfe ne a ciki, nano suke ce masa, sai ka jera ƙwaya dubu huɗu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Da allura za a zuba shi a tsakiyar ƙarin, ya zauna can. Daga nan a sa kan mutum cikin wata na'ura da ke kaɗa garin gaba da baya har ya ɗau zafi. Ƙarin kaɗai za a sa wa zazzaɓi, sauran kai yana sanyinsa. Sau shida, awa ɗaya-ɗaya.

Baba ya yi shekara talatin da biyu yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa, maganar ƙarfe ba ta wuce shi. Ya ce, "Ubbo, tambaye ta, digiri nawa?"

Ta ce arba'in da uku.

Ya ce, "Ce mata wannan ko shayi ba zai dafa ba."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Na daɗe ban ga likita ta yi dariya a ɗakin nan ba.

Sai ta kawo sharaɗin. Na'urar ba ta san ƙarfen magani da ƙarfen baki ba, duk wanda ta tarar kusa da kai sai ta gasa shi. Dole a cire duka kafin a fara. Haƙoran Baba huɗu na gaba a kan ƙusoshi biyu suke tsaye, tun ranar da sarƙa ta tsinke ta doke shi a baki, ina ɗan shekara ɗaya. Shekara biyu ya yi kafin ya sake iya busa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana busa ƙaho a ƙungiyar cocinmu, shi ne murya ta sama. Kowace safiyar Ista suna tsayawa a maƙabarta su busa da fitowar rana. Mama tana can, shekara shida.

Na bi Dokta waje na tambaye ta ni kaɗai. Ta ce in ba a yi ba, wataƙila Yuni. In an yi, wataƙila ya ga Kirsimeti. Ba ta ce shekara ba. Kuma ba za a jira ba, in ƙarin ya ƙara girma allurar ba za ta game shi ba.

A mota ya ce, "Bayan Ista."

"Baba, ta ce abin ba zai jira ba."

"Ni ma Ista ba za ta jira ni ba."

Asabar, 11 ga Maris, da rana

Ya ci. Ya yi barci. Bayan Ista, in ji shi.

Talata, 14 ga Maris, 9:00 na yamma

Na kai shi wurin gwajin busa, na zauna a benci na baya da warin shanu a jikina. Kawu Hinnerk, abokinsa tun suna yara, shi ke ɗaukar babban ƙahon da ake rungumewa. Da ganin Baba ya ce, "A'a, tsohon mai walda, ba ka mutu ba? Ni har na fara koyon layinka."

Baba ya ce, "Kai da wannan tumbin? Iskarka a ciki take ƙarewa, buhun dankali kawai."

Ya nemi kalmar kujera ya rasa, ya yi ta nuna ta da hannu har kunnuwansa suka yi ja. Amma da ya ɗora ƙahon a baki, ko harafi ɗaya bai ɓace masa ba. Na lura ba ya ma duba takarda. Abin da bakin ya kasa faɗa, ta can yake fita.

Wajen tafiya Kawu ya ja ni gefe. "Ɗana, kada ka matsa masa. Babanka Eilert jaki ne, in ka ja shi gaba baya yake yi."

Na ce to.

Ni ba mai matsawa ba ne. Saniya ta ƙi shiga layi, tsayawa nake har ta gaji ta shiga. Amma saniya ba ta da wani abu a kai da ke girma kullum.

Laraba, 15 ga Maris, 6:40 na yamma

Ya yarda mu je wurin likitan haƙori, a duba kawai. Mutumin kirki ne, yana magana da sauri. Ya ce in aka zare ƙusoshin za su bar rami a ƙashi. Zai yi masa haƙoran roba, cikin mako uku ya iya cin abinci. Na ce, busa fa? Ya girgiza kai. Ya ce roba ba za ta riƙe bakin ƙaho ba, sai dasashi ya warke ya yi tauri, wata shida ko fiye, wataƙila ma shi ke nan.

Baba yana kwance a kujerar yana kallon bakina. "Me ya ce?"

Na ce, "Mako uku, za ka sami sababbi."

"Na busa?"

Mako uku da kwana shida ne daga Litinin ɗin da za a cire zuwa Ista. Na riga na ƙirga tun a mota.

Na ce, "Na busa."

Ya ci miya da burodi. Hannu ya ɗan yi rawa da yamma.

Alhamis, 16 ga Maris, da hantsi

Ya sa hannu a takardar.

Litinin, 20 ga Maris, 5:00 na yamma

An cire. Huɗu na gaba da ƙusoshinsu, da turame uku masu cikon ƙarfe. Sun ba ni su a 'yar leda, ban san dalili ba.

Fuskarsa ta faɗa ciki. Leɓen sama ya shige kamar na Kaka a hoton da ke falo. Shekararsa hamsin da takwas, da safe na kai shi yana hamsin da takwas, da yamma na dawo da tsoho.

Ya ɗaga yatsu uku a mota. Mako uku. Na gyaɗa kai ina kallon titi.

Laraba, 22 ga Maris, 1:00 na rana

Romo. Dankalin da na dama da madara. Shayi mai ɗumi, ba mai zafi ba.

Ya fito da ƙahon ya goge, ya zuba wa maɓallan mai, ya mayar. Jiya ma haka.

Lahadi, 26 ga Maris, da la'asar

Bayan coci ya gaya wa kowa. "Kafin Ista, likita ya yi alkawari." Matar fasto ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi mini albarka, ba kowane ɗa ba ne.

Shanu lafiya. Mai lamba 61 ta haihu, mace.

Alhamis, 30 ga Maris, 7:15 na yamma, a asibiti

An zuba garin ƙarfen. Sun huda ƙoƙon kai kaɗan, na'ura tana nuna musu hanya, suka ɗiga shi wuri-wuri a cikin ƙarin. Duka bai cika cokalin shayi ba. Ba za a taɓa fitar da shi ba, nan zai zauna.

Da ya farka na gaya masa. Ya ce da bakin nan nasa mai fitar da iska, "Sun cire mini ƙarfe a baki, sun zuba mini a kai. Da ni na yi irin wannan aiki da tuni an kore ni."

Na juya wa ma'aikaciyar jinya, ta yi dariya har ta dafa gado.

Dokta ta nuna mini sabon hoto. Farin ƙwan yanzu yana da ɗigo-ɗigo a ciki, kamar an barbaɗa barkono. Na daɗe ina kallo. Abin da ido ba ya gani, a kansa na ɗora komai.

Talata, 4 ga Afrilu, 8:00 na yamma

Na farko.

Ɗakin sanyi, na'urar fara, da baki buɗe kamar wanda zai yi hamma. Ana kwantar da mutum a tura kansa tsakanin leɓɓanta. Sun caje shi kamar ɓarawo, har maɓallin wando. Ni ina bayan gilashi da abin magana, don in an tambaye shi ko yana jin zafi in juya masa.

Babu abin da ke motsi. Ba wuta, ba hayaƙi, sai gunji ƙasa-ƙasa kamar injin sanyaya madara. A allo lamba tana hawa a hankali: 38, 40, 42. Dokta ta ce, "Tambaye shi." Na tambaya. Ya ce, "Kamar an ɗora mini hula a ciki."

Yatsunsa uku na dama suna ta danna bargo. Na gane waƙar, ta Ista ce, wadda suke farawa da ita. Awa guda cur yana bita.

Juma'a, 7 ga Afrilu, da yamma

Na biyu. 43. Ya yi amai a hanya, na tsaya a gefen gonar wani.

"Haƙora?"

"Laraba, Baba."

Talata, 11 ga Afrilu, 7:00 na yamma

Na uku. Yau da safe ya ce "miƙo mini kujera," kai tsaye, bai nema ba. Na gaya wa Dokta. Ta ce wataƙila kumburi ne ya sauka, kada in yi saurin murna. Amma ta rubuta.

Na so in tambaye ta wani abu da ba na magani ba. Har na buɗe baki. Sai na tambayi ko zai iya cin gishiri.

Laraba, 12 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Sun iso. Farare tas, sun fi na da kyau. Likitan ya ce a hankali, abinci mai laushi, ya cire su in zai kwanta. Wannan na juya daidai.

Ko rigar sama bai cire ba ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Na tsaya a kicin. Na ji ya buɗe akwatin ƙahon. Sai iska. Fuuu. Sai wani ƙara kamar ɗan maraƙi da aka taka. Sai abu ya faɗi ƙasa ya gangara.

Ya fito yana goge su da hanki. "Sabo ne. Sai sun zauna."

Na ce haka ne.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na huɗu. Saura biyu, bayan hutu. Da muka dawo ya shiga ɗaki. Iska.

Juma'a, 14 ga Afrilu, 4:00 na yamma

Bai je coci ba. Tun safe yake ciki. Ya sa man manne haƙori har rabin kwalba. Sau ɗaya sauti ya fito, na gaske, ya tsaya kamar numfashi biyu, sannan ya karye.

Na sami hankici uku a kwandon wanki. Na jiƙa su da ruwan sanyi da gishiri kafin jinin ya kama.

Bai ci ba.

Asabar, 15 ga Afrilu, 5:30 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, daidai, tunda rubutu aka ce in yi.

Kawu Hinnerk ya zo shan shayin ƙarfe uku. Na sa ƙanƙarar sukari a kofuna, na zuba, ta yi ƙara, na zagaya madara a baki-baki. Baba ya zauna leɓensa a kumbure.

Kawu ya ce, "Kai kuma wa ka yi dambe da shi? Gobe ƙarfe shida fa, kada ka bar ni da yaran nan, sama ba ta da kowa."

Baba ya cire haƙoran ya ajiye a tebur, kusa da tukunyar shayi. "Mayaudari ne. Ya ce na busa. Ya ce..." Kalmar ta ɓuya, ya bugi tebur. "Ya rantse wa yaron nan!"

Kawu ya ajiye kofi. "Haka ya ce, Ubbo? To wallahi Talata ni zan je. Mutum ya zare wa mutum baki da ƙarya? Sai duk garin nan ya ji sunansa. 'Yata tana aiki a jarida."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, Mama takan ce. Ban san ƙurewar tasa a kan tebur ɗinmu za ta zo ba.

Na ce, "Bai ce ba."

Suka dube ni.

"Cewa ya yi wata shida. Ya ce wataƙila ma shi ke nan. Ni na ce na busa."

Baba bai yi ihu ba. Da ma ya yi.

Ya ce, "Sake faɗa. A hankali."

Na sake.

"Likitar ƙwaƙwalwa fa? Me ta ce, wanda ba ka juya ba?"

Na gaya masa. Yuni in ba a yi ba. Kirsimeti in an yi, wataƙila.

Ya ƙirga da yatsu, daga Afrilu. Ya kai Disamba, ya ci gaba, Janairu, Fabrairu, Maris, sai ya tsaya ya dubi yatsun. Ya ce, "Ashe babu wata Ista."

"Baba, daga Yuni zuwa Kirsimeti wata shida ne. Ni wata shida na gani."

"Naka ne?"

Ban gane ba.

"Watannin. Naka ne da za ka yi ciniki da su?"

Ya ɗauki cokali ya sa a cikin kofinsa, alamar ya gama sha. Kofi ɗaya ya sha. A gidan nan ko mai kawo wasiƙa sai ya sha uku kafin ya sa cokali. Ya tashi, ya dafa bango, ya shiga ɗaki.

Kawu ya daɗe yana juya hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ɗana." Sai ya ga abin da ke kan tebur, ya ce, "Kai, bakina," ya fita.

Lahadi, 16 ga Afrilu, 9:00 na safe

Shanu ba su san Ista ba. Ƙarfe biyar ina gona. Na ce wa mai gonar ba na bukatar hutun da ya ba ni.

Shida da 'yan mintoci na buɗe ƙofar garke ta gabas. Iska daga wajen coci take, ƙasar nan kuma ba ta da tudun da zai tare sauti. Suka fara. Na ji babban ƙahon Kawu a ƙasa, na ji na tsakiya. Wani yaro ya ɗauki layin sama, ya yi ƙoƙari. Inda ake hawa a baiti na biyu ya sauka ƙasa ya bi ta gefe.

Na tsaya da bokiti a hannu har suka gama duka huɗun.

Da na dawo takalmansa na coci suna inda suke, a bushe. Tagar ɗakinsa a rufe, an ja labule.

Litinin, 17 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Na ajiye romo a bakin ƙofa. Ya sha rabi. Barci ban sani ba. Hannu ban gani ba.

Ta ƙofa na ce, "Baba, gobe na biyar ne. Ƙarfe bakwai za mu tashi." Bai buɗe ba.

In ya ƙi zuwa, an zare masa baki a banza. In ya ƙi, Yuni.

Da rana na ji yana waya. Ban ji da wa ba.

Talata, 18 ga Afrilu, 10:20 na safe, a asibiti

Bakwai saura kwata na tada mota, na kunna abin ɗumi. Bakwai ta yi. Bakwai da minti goma. Ban danna oda ba, ban shiga ba. Na ce wannan karon zan tsaya yadda na iya tsayawa.

Bakwai da ashirin sai ga Kawu Hinnerk a kan keke, da rigar coci da taye. Ya jingine keken, bai dube ni ba, ya ƙwanƙwasa. Baba ya fito a shirye, da hula, da haƙoran a baki.

Na zagaya na buɗe masa gaba. Ya wuce ya shiga baya. Kawu ya shiga kusa da shi, motar ta sunkuya.

Muka hau babban titi. Can Kawu ya ce, "Ni fa Jamusancin likitoci ban iya ba, Eilert."

Baba ya ce, "Abin da ka ji shi za ka faɗa. Wanda ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba."

A ƙofar ɗakin Dokta ta miƙo mini abin magana kamar kullum. Baba ya ɗaga hannu. Ya tattaro ɗan Jamusancin da ya rage masa, kalma-kalma, da kansa.

"Wannan," ya nuna Kawu, "bakina. Wancan, direba."

Dokta ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Na miƙa wa Kawu abin, na nuna masa inda ake dannawa.

Yanzu ina benci a waje. Ban taɓa ganin ƙofar nan daga wannan gefe ba, ashe akwai jar fitila a samanta. Ta kama minti ashirin da suka wuce. Yana ciki, kansa yana cikin na'ura, garin yana ɗaukar zafi. Abin da na nema ke nan, kuma na samu.

Saura minti arba'in. Juma'a na shida. Zan kawo mota bakwai saura kwata.